Daga « ruwa » zuwa « rahama »: zaɓen kalma da hoton addini cikin waƙoƙin damina na Hausa

Taƙaitawa

Wannan ɗan nazari yana duba hanyar da ma'anar addini ke bi ta shiga waƙoƙin Hausa masu zancen damina, hadari, ƙasa da fari. Muna son mu nuna cewa tun a wurin zaɓen kalma da ƙirar aikatau ake yanke wannan ma'ana, kuma zaɓen shi ke faɗa wa mai sauraro wanda ya aikata abin da ake gani da abin da ake jira daga gare shi: godiya, haƙuri, tuba ko aiki.

0. Gabatarwa

Duk wanda ya yi karatun adabi a lakwal ya san abin da ake nufi da waƙar « nature »: mutum ne shi kaɗai a bakin tabki ko cikin kurmi, yana kai kukansa ga ruwa da duwatsu, kamar yadda aka saba koyarwa daga littafin waƙoƙin Lamartine na 1820. Da wannan ma'auni ne wasu daga cikin ɗalibanmu suke yanke hukunci cewa Hausa ba ta da irin wannan waƙa, sai wa'azi da yabo. Idan gardama ta yi tsawo, sai su yarda da guda ɗaya, wato « Waƙar Damina » ta Na'ibi Sulaimanu Wali na Kano, wadda D. W. Arnott ya fassara kuma ya yi nazarinta a 1968. Sauran kuwa, in ji su, ruwa da itace ba su shiga cikinsu sai domin a kafa wata hujja ta addini.

A ganinmu, an ɗora tambayar a karkace. Masu wannan ra'ayi suna ɗaukar addini kamar fenti da aka shafa bisa bango bayan an gama gini, wanda ana iya kankare shi a samu « siffantawa tsantsa » a ƙarƙashi. To amma idan muka duba kalmomin da Bahaushe yake da su domin zancen sama da ƙasa, za mu tarar da yawa daga cikinsu sun zo da ma'anar addini tun kafin mawaƙi ya taɓa su. Aikin mawaƙi shi ne ya zaɓa tsakaninsu, ya farkar da wannan ma'ana a nan, ya bar ta tana barci a can.

Hanyar da muka bi ita ce wadda masu ilimin harshe suka sani da gwajin musanya: a ɗauki jimla, a sauya kalma ɗaya da ƴar uwarta, a duba abin da ya sauya cikin ma'ana. Jimlolin da muka sa wa lamba duk mu muka gina su domin gwaji, daga maganar yau da kullum ta Maraɗi, Damagaram da Tawa. Mun yi haka ne domin a ga aikin kalma ita kaɗai, ba tare da kwarjinin sunan wani mawaƙi ba.

1. Me ake ce wa « nature » da Hausa?

Matsalar tana farawa daga suna. Mai fassara daga Faransanci yana da kalmomi huɗu ko biyar a gabansa, kuma babu wadda ta yi daidai. « Ɗabi'a » ta fito daga kalmar Larabci da ke da wannan ma'ana, amma da ta shigo Hausa sai ta koma halin mutum. « Muhalli » ita ce ta ma'aikatu da rediyo, tana nufin wurin zama da abin da ke kewaye da shi. « Yanayi » ya tsaya ga zafi, sanyi da sauyin lokuta. « Daji » kuwa kishiyar « gari » ne, saboda haka gona da rijiya ba su cika shiga cikinsa ba. Wadda ta fi kowace faɗi ita ce « halitta ».

Ita « halitta » sunan aiki ce: wani ya halitta wani abu. Daga tushenta aka ƙera « Mahalicci ». Ke nan duk lokacin da aka ce « waƙar halitta », an riga an ce akwai mai yi, ko da mai maganar bai yi niyya ba. Kalmar Faransanci tana barin mutum ya yi zancen duniya kamar abin da ya tsiro da kansa. Ta Hausa ba ta ba da wannan dama cikin sauƙi. Haka nan littafin labarin ƙasa, wanda ba ruwansa da wa'azi, yana kiran ma'adinai da « albarkatun ƙasa » ko « arzikin ƙasa », alhali « albarka » da « arziki » duka kalmomi ne na kyautar Allah a asalinsu na Larabci.

Wannan ya sa muka kasa kalmomin da za mu duba kashi uku:

(a) waɗanda ma'anarsu ta addini ta kwanta saboda yawan amfani: halitta, albarkatu, arziki, sama;
(b) masu fuska biyu, waɗanda mai sauraro ke jin ma'anonin biyu tare: ni'ima, sauka, raya, aya;
(c) waɗanda ba su da wani gida sai na addini: rahama, sammai, aljanna, tasbihi.

Abin da A. J. Greimas ya bayyana a 1966, cewa kalmomi masu tarayya a wani ɓangare na ma'ana suna ɗaure juna cikin magana har su zama hanya ɗaya ta karatu, shi za mu kira a nan « zaren ma'ana ». Kalma ɗaya ta kashin (c) ta isa ta ja zaren, ta farkar da duk na kashin (a) da ke kusa da ita.

2. Tagwayen kalmomi

2.1. Ruwa, ni'ima, rahama

(1a) Ruwa ya zuba a kan tudu.
(1b) Ni'ima ta sauka a kan tudu.
(1c) Rahama ta sauka a kan tudu.

Abu ɗaya ne ya faru cikin jimlolin uku. A (1a) ido ne ke magana: akwai ruwa, akwai tudu. A (1c) ruwan ya ɓace daga gani, abin da ya rage shi ne dangantaka tsakanin mai jinƙai da wanda aka ji ƙansa. Wannan amfani yana da tushe cikin Alƙur'ani, inda a surorin A'araf, Furƙan da Namli aka kwatanta iska da mai bushara da ke gabatar rahama, malaman tafsiri kuma suka fassara rahamar da ruwan sama. Wanda ya yi makarantar allo ba ya bukatar a tuna masa.

Jimla ta (1b) ita ce ta fi ba mu sha'awa. A Larabci « ni'ima » kyauta ce. A Hausa ta riƙe wannan, ta kuma ƙara wata ma'ana ta jiki: laima, sanyi, lema mai daɗi. Idan aka ce fadamar Gulbin Maraɗi ko ta Korama wuri ne mai ni'ima, ana nufin danshi da inuwa da kore. Saboda haka mawaƙin da ya zaɓi « ni'ima » bai rasa ruwan ba, bai kuma rasa mai bayarwa ba: fata tana jin sanyi, zuciya tana jin kyauta. Wannan shi ne amfanin kalmomin kashin (b), kuma za mu komo kansa a sashe na 6.

Ya kamata a lura cewa maganar yau da kullum ma tana da nata ladabi ga ruwa. Idan aka gaida mutum da « ina ruwa? », amsar ita ce « ruwa ya yi gyara », ko da katangarsa ta faɗi daren jiya. Mawaƙin da zai yi zancen ambaliya yana aiki ne cikin harshen da ba ya son a kushe ruwa, shi ya sa sau da yawa ake ɗora laifin bisa « hadari » ko « iska », a bar « ruwa » da tsarkinsa.

2.2. Tsawa, cida, aradu, kwarankwatsa

Kalmomi huɗu ne ga abin da Faransanci ke rabawa biyu kawai. « Cida » ita ce rugugin nesa, mai sa manomi ɗaga kai. Ba ta da tsoro. « Tsawa » tana da ma'ana ta biyu cikin gida, domin uba yana daka wa ɗansa tsawa. Wanda ya zaɓe ta ya mayar da sama mai faɗa, ya mayar da mutane ƴaƴa masu laifi. « Aradu » ararriya ce daga Larabci, da harafin « al » ɗinta a manne, kuma sunan sura ta 13 ne, inda aka ce tsawa tana tasbihi. « Kwarankwatsa » kuwa sautinta ne ma'anarta, kuma da ita ake rantsuwa irin ta da, wadda malamai ba su so.

(2a) Cida ta tashe mu da asuba.
(2b) Aradu ta tashe mu da asuba.

A (2a) « asuba » lokaci ne na fita gona. A (2b) zaren ya motsa: « asuba » ta koma lokacin salla, « tashe » kuma ya fara kama da kiran ladan. Kalma ɗaya muka sauya, amma biyu suka bi ta.

2.3. Sama da sammai, ƙasa da ƙassai

A nan ƙirar jam'i ce ke aiki. « Sama » tilo ita ce inda tsuntsu ke tashi da inda hadari ke haɗuwa. Da an ce « sammai », an bar duniyar ido, an shiga bakwai ɗin da littafi ya faɗa. Faransanci ma yana da irin wannan tsakanin « ciel » da « cieux ». Abin da Hausa ta ƙara shi ne « ƙasa » tana da jam'i biyu: « ƙasashe » na siyasa da taswira, da « ƙassai » wanda ba a cika jin sa ba sai a gefen « sammai ». Mawaƙin da ya ce ruwa ya game ƙasashe yana ba da labari kamar rediyo. Wanda ya ce ya game ƙassai yana tasbihi.

2.4. Garka da aljanna

A Larabci kalmar da ta ba mu « aljanna » tana nufin lambu, kowane iri, kafin ta nufi gidan sakamako. Hausa ta ɗauki ma'ana ta biyu kaɗai, ta bar ta farko ga « garka » da « lambu ». Sakamakon haka, a cikin waƙoƙin wa'azi da suka bunƙasa tun zamanin jihadin 1804, waɗanda Mervyn Hiskett ya bi tarihinsu a littafinsa na 1975, mafi kyawun siffanta ƙoramu, inuwa da ƴaƴan itace yana zuwa ne a wurin zancen Lahira. Wanda ke neman waƙar halitta cikin wannan adabi, a can ya kamata ya fara dubawa. Marubutan sun san ruwa mai gudu da inuwa mai sanyi sarai, kuma da idon mutumin Sahel mai ƙishirwa suka zana su. Sai dai sun ajiye su a gaba, inda rani ba ya kai.

3. Aikatau da wanda ya aikata

3.1. « An yi ruwa »

Bafaranshe yana cewa « il pleut », da wakilin suna wanda ba ya wakiltar kowa. Bahaushe yana cewa « ana ruwa », « an yi ruwa », « za a yi ruwa ». Wannan « a » ita ce dai ta « an yi sata » da « an naɗa sarki »: tana nuna akwai mai aikatawa, amma ba a faɗi sunansa ba. Ita ce kuma ta girmamawa, wadda ake amfani da ita idan ba a son a ambaci babba kai tsaye. Ke nan cikin mafi sauƙin jimlar da yaro ke faɗa game da ruwan sama akwai gurbi a buɗe. Mawaƙi yana iya barin sa a buɗe, yana iya cike shi da « Jalla », « Mai Sama » ko « Ubangiji ».

Waɗannan sunaye ma ba ɗaya ba ne. « Ubangiji » kalmar Hausa ce tsantsa, « uba » da tsohuwar ƙirar « gida », watau mai gida. Idan ita aka sa a gurbin, ruwan sama yana zama ciyarwa, kamar hatsin da mai gida ke fiddawa daga rumbu. Idan « Sarki » aka sa, yana zama kyautar fada. Idan « Jalla » ne, girma da nisa ake ji.

3.2. Zuba, sauka, sauko, saukar

Bisa ga rabon aikatau aji bakwai da F. W. Parsons ya yi a 1960, muna iya jera:

(3a) Ruwa ya zuba.
(3b) Ruwa ya sauka.
(3c) Ruwa ya sauko.
(3d) An saukar da ruwa.

« Zuba » aikin ruwa ne da hatsi da yashi, ba shi da wata daraja. « Sauka » kuwa aikin baƙo ne da ya iso masauki, aikin mahayi ne, kuma aikin Alƙur'ani ne: an saukar da shi, almajiri kuma yana yin sauka idan ya kai ƙarshensa. A Larabcin Alƙur'ani ma aikatau ɗaya ne ake amfani da shi ga saukar da ruwa da saukar da littafi. Hausa ta sami kalmarta ta gida da ta ɗauki nauyin biyu. A (3c), wasalin « o » na aji na 6 yana juyo da tafiyar zuwa ga mai magana, sai mutane su zama su aka nufa. A (3d), aji na 5 yana bukatar wanda ya sa aikin ya faru, ruwan ya koma abin aike. Daga (3a) zuwa (3d) ba mu ambaci Allah ko sau ɗaya ba, amma kowane mataki ya ƙara matso da shi.

A ɗaya gefen akwai aikatau na ƙarfi da hayaniya, irin su « kece », « tsuge », « ɓarke », « goce », da karin magana irin « kamar da bakin ƙwarya ». Waɗannan suna riƙe mai sauraro a ƙasa, cikin taɓo da gudun neman mafaka. Waƙar da ta haɗa jerin biyu tana da numfashi biyu, kuma mai nazari ya kamata ya ƙirga inda kowane ya faɗo.

3.3. Mutu da raya

(4a) Ƙasa ta bushe, ruwa ya jiƙa ta.
(4b) Ƙasa ta mutu, ruwa ya raya ta.

Masu nazari da ke bin rabon adon harshe irin na Abdulƙadir Ɗangambo za su sa (4b) ƙarƙashin mutuntarwa ko wani reshe na jinsarwa, su wuce. Sunan daidai ne, amma bai ƙare aikin ba. Rayar da matacciyar ƙasa da ruwa hujja ce da Alƙur'ani ya maimaita a surorin Hajji, Rum, Faɗir, Fussilat da Ƙaf domin tabbatar da tashin matattu. Saboda haka (4b) tana da kibiya mai kai biyu: ana kwatanta ƙasa da mutum, ana kuma nuna wa mutum kabarinsa da tashinsa cikin tsiron hatsi. Wannan shi ne ma'anar « aya » ta asali, alama mai nuni zuwa wani abu, kafin ta zama yankin sura ko ɗigon ƙarshen jimla. Gonar da aka kira aya abin karantawa ce.

4. Tsohon kashi: iska da gajimare

Kuskure ne a ɗauka duk hoton addini cikin wannan fage na Musulunci ne. Binciken J. H. Greenberg na 1946 a wurin Maguzawan Kano, da na Guy Nicolas na 1975 a kwarin Maraɗi, sun nuna wani tsari na daban wanda kalmominsa ba su fita daga harshe ba.

« Iska » ita ce mai kaɗa ganye, ita ce kuma mai hawa mutum a bori. Tilo yana da fuska biyu. Jam'in « iskoki » ya fi karkata ga ta biyu. « Gajimare » a Hausar littafi girgije ne, amma Greenberg ya same shi a matsayin sunan iska mai siffar maciji da ake gani a bakan gizo. Sunan « masha ruwa » da ake ba bakan gizo yana ɗauke da wannan tunani na abin da ke shanye ruwan sama. Haka nan « uwa »: kasancewar « damina » (ko « damana » a bakin mutanen Tawa da Gobir) da « ƙasa » kalmomi ne na jinsin mace ya sa kiran su uwa ba shi da wuya, kuma kowa ya san kirarin damina uwar albarka, amma a ƙasar da aka san Uwar Gona cikin iskokin noma, kalmar tana da wata inuwa a bayanta.

(5a) Girgije ya tsaya a gabas.
(5b) Gajimare ya tsaya a gabas.

Ga ɗalibin birni babu bambanci. Ga tsohon manomi na wasu ƙauyuka, (5b) tana iya zama labari marar daɗi. Mawaƙi malami da ya guje wa « gajimare » ko « kwarankwatsa » ya zaɓi « girgije » da « aradu » yana iya zama ya yi zaɓen aƙida, kuma shirun nasa abin nazari ne.

Sai mu ƙara da wani abin lura na rubutu. « Hadari » na ruwa da « haɗari » na halaka ƙugiya ɗaya ta raba su, kuma injinan buga takarda na da, waɗanda aka ƙera domin Faransanci, sun sha haɗe su. Asalinsu daban ne, amma kusancin sautin yana yi wa mawaƙi aiki, musamman ga mai sauraron da ya san labarin Adawa a surar Ahƙaf, waɗanda suka hango girgije suka yi murna, ashe azaba ce.

5. Fari: kalma da alhaki

A nan ne zaɓen kalma ke fita daga aji ya shiga rayuwa. Ƙasarmu ta ga yunwar 1913-1914 da ake kira Kakalaba, ta ga farin 1973-1974 wanda yana cikin dalilan da sojoji suka bayar na juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, ta ga na 1984-1985. Wannan na ƙarshe jama'a suka sa masa suna El-Buhari, saboda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi a 1984. Sunan yana nuna cewa talaka, ko da yana cewa ikon Allah, ya san akwai hannun mutum cikin yunwa.

(6a) Fari ya cinye gonaki.
(6b) An jarrabe mu da fari.
(6c) Mun saɓa, aka ɗauke ruwa.
(6d) Mun sare daji, gona ta koma faƙo.

Kowace jimla tana neman wani abu daban. (6a) ta mayar da fari dabba, ba ta bar wa mutum komi ba sai kuka. (6b) tana neman haƙuri. (6c) tana neman tuba, kuma ita ce harshen sallar roƙon ruwa, inda ake fita bayan gari ana juya mayafi. (6d) tana neman aiki, ita ce harshen taron ƙasa kan yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi cikin watan Mayu 1984.

An saba ɗaukar (6c) da (6d) kamar abokan gaba, ɗaya ta malamai, ɗaya ta ma'aikata. Harshen kansa yana da gada tsakaninsu:

(6e) Mun ci amanar daji.

« Amana » tana da mai bayarwa da mai karɓa da ranar tambaya, saboda haka ta addini ce. Amma abin da aka ci amanarsa itace ne da ake gani, kuma gyaran yana hannun mai gatari. Surar Rum, wadda ta yi zancen rayar da ƙasa, ita ce kuma ta danganta ɓarnar tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata. Manoman jihohin Maraɗi da Damagaram da suka koma barin tohon itace cikin gonakinsu tun tsakiyar shekarun 1980 ba su bukaci su zaɓi tsakanin imani da aiki ba. Waƙar da ta tsaya ga (6b) kaɗai tana iya sanyaya zuciya, tana kuma iya wanke wanda ya kamata a tambaya.

6. Ƙorafi biyu da ma'aunin hukunci

Ana iya ce mana: rubutacciyar waƙa tana bin ma'aunin aruli da amsa-amo, saboda haka mai yiwuwa mawaƙi ya ɗauki « aradu » ne domin yana bukatar gaɓa uku, « tsawa » kuwa biyu gare ta. Wannan gaskiya ne, kuma dole mai nazari ya auna baiti kafin ya yi magana. Amma dalilin zaɓe daban, sakamakonsa daban. Ko ma'auni ne ya kawo kalmar, da zarar ta zauna sai ta yi aikinta a kunnen mai sauraro. Ban da haka, gwani yana da hanya fiye da ɗaya ta cika ma'auni.

Ana kuma iya cewa kalmomin sun gaji: wanda ke cewa « albarka » sau goma a yini ba ya jin komi cikinta. Wannan ma mun yarda da shi, shi ya sa muka ware kashin (a). Sai dai gajiyar kalma ita ce ke ba mawaƙi aiki, kuma daga nan muke samun ma'aunin da muke ba da shawara a yi hukunci da shi.

Waƙa mai rauni ita ce wadda ke gaggawar zuwa kashin (c). Tun baiti na biyu ruwa ya zama rahama, gona ta zama aljanna, tsuntsu yana tasbihi, ba a bar mai sauraro ya ga kalar hadarin ko ya ji ƙamshin ƙasa ba. Irin wannan ana iya sauya mata take daga damina zuwa kaka ba tare da an taɓa baiti ɗaya ba. Waƙa mai ƙarfi tana daɗewa cikin kalmomin ido da kunne, tana bi ta kalmomi masu fuska biyu, har idan kalmar addini ta zo sai ta tarar an riga an biya kuɗinta. A ganinmu, abin da ya sa « Waƙar Damina » ta yi suna a matsayin waƙar siffantawa shi ne haƙurin tsayawa ga abin da ake gani, kuma ta wannan fuska ya kamata a sake karanta ta tare da ɗalibai, kalma bayan kalma.

A ɗauki gawo domin gwaji. Itace ne da ke zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, hatsi kuma yana kyau a ƙarƙashinsa. Mai gaggawa zai kira shi butulu mai ƙin kyauta, ko ya kira shi aya ya wuce. Wanda ya tsaya ya duba zai ga cewa zubar da ganyen ne ke ba hatsi rana da taki, koren rani kuma shi ke ba bisashe inuwa da abinci. Bayan wannan, idan ya ce « hikima », kalmar tana da abin da ta taka.

7. Kammalawa

Mun ga cewa ma'anar addini tana shiga waƙar damina ta ƙofofi da dama: ta sunan fagen kansa, ta zaɓe tsakanin kalmar gida da ararriya, ta ƙirar jam'i, ta wakilin suna « a », ta ajin aikatau, da ta kalmomin da suka rage daga addinin gargajiya. Abu biyu ke biyo baya ga aikinmu.

Na farko ya shafi fassara, wadda ita ce abincin yau da kullum na sashe mai harshe biyu. Idan aka mayar da (1c) « la pluie est tombée », an zubar da mai bayarwa. Idan aka ce « la miséricorde est descendue », an zubar da ruwan. Ga « ni'ima » da « sauka » kuwa babu kalmar Faransanci ɗaya da za ta ɗauki fuskokin biyu, saboda haka mai fassara ya faɗi abin da ya bari.

Na biyu ya shafi koyarwa. Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973, ana neman matanin da za a ba yara. Muna ganin bai isa a tambaye su jigo da salo ba. A ba su baiti, a ce su sauya kalma ɗaya, su faɗi abin da ya tafi da abin da ya zo. Aikin da ya rage shi ne a tattara waƙoƙin noma da na roƙon ruwa na Adar, Gobir, Katsina da Damagaram, a gwada wannan rabo na kashi uku a kansu, domin a ga ko waƙar baka da rubutacciya suna jan zaren ta hanya ɗaya.